Zuciyar da Ta Ƙi Bugawa a Kwamfutata

Masu karatu, ku gyara zama, yau labarin da nauyi. Ga wanda bai san ni ba, ni malamar kimiyyar halittu ce a wata makarantar 'yan mata, kuma har ranar da zan ba ku labarinta, malamar gwaji ce. Ina da aji, ina da alli, ina da yara masu miƙewa su ce "Ina kwana, Malama," amma ba ni da kujerar da za a ce tawa ce. Ranar Alhamis da safe kwamiti zai zauna a bayan ajina ya kalli darasina, ya yanke ko a tabbatar da ni ko a sallame ni.

Da maganar a nan ta tsaya, da da sauƙi. Akwai Mai Kemis, mai neman aurena.

Gwaggo, yayar Abba da ke zaune tare da mu, Dakta take ce masa, ko da yake bai taɓa yi wa kowa allura ba. Ni Mai Kemis nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malama. Mutum ne mai tsafta, mai magana a hankali, rigarsa kullum kamar yanzu aka ɗago ta daga ƙarƙashin dutsen guga. Ba zan ɓoye muku ba, ina son sa. Abu ɗaya ne a tsakaninmu: ba ya son matarsa ta wuni a tsaye tana shaƙar ƙurar alli. Da gardamar ta yi tsawo, Abba ya raba ta da kansa. Ya ce, "Idan sun ɗauke ki, duk mai son ki sai ya so ki da allinki. Idan ba su ɗauke ki ba, ki haƙura, kada in sake jin zancen." Na amsa da bakina, gaban kowa, saboda na yarda da abin da na shirya.

Abin da na shirya zuciya ce. Na daɗe ina gina ta a kwamfuta, zuciyar mutum mai juyawa, mai bugawa, wadda ake tsaga ta a ga ɗakunanta huɗu, jini ja na fita, shuɗi na shiga. Shugabar makaranta ta riga ta yi wa kwamiti albishir da ita, har an rubuta ta a tsarin darasin. Babu ja da baya.

Kwamfutar ta Yayana ce, ya bar mini da zai tafi karatu. Baƙa ce, mai nauyi, kuma katin hoto biyu gare ta. Bari in yi muku bayani yadda nake yi wa yarana. Ƙaramin kati shi ne mai aikin yau da kullum, rubutu da karatu, ba ya cin wuta. Babban kati barci yake yi, sai aiki mai nauyi ya zo kwamfutar ta tashe shi, ka ji fanka ta ɗauki ƙara. Zuciyata ba ta bugawa sai da babban.

To, tun makon da ya gabata, babban ya ƙi tashi.

In na buɗe zuciyar, sai ta buga sau ɗaya, ta tsaya, ta yi tsalle, ta sake tsayawa. Jinin ya daskare a tsakiyar jijiya. Wani lokaci allon ya yi baƙi ya dawo. Fanka kuwa shiru.

Ranar Laraba da la'asar ina zaune a kan darduma a falo, na ɗora kwamfutar a kan ƙaramin teburin shayi, har yanzu da kayan makaranta a jikina, doguwar riga ruwan toka da alli ya ɓata hannunta. Ko mayafi ban cire ba. Na bi komai a tsanake, ɗaya bayan ɗaya. Na buɗe inda kwamfuta ke nuna aikin kowane kati: ƙaramin ya cika maƙil yana nishi, babban ko motsi. Na shiga saiti na umarce ta da ta buɗe manhajar zuciyar da babban kati. Ta ce to, ta ci gaba da abin da take yi. Na mayar da saitin wuta kan mafi ƙarfi. Na cire manhajar da ke sarrafa katin, wadda masu gyara ke kira direba, na sauko da sabuwa. Na kashe, na kunna. Na cire sabuwar na mayar da tsohuwar. Na kashe, na kunna.

Zuciyar ta buga sau ɗaya ta tsaya.

"Har yanzu ana jinyar?" Gwaggo ce, tana kishingiɗe a doguwar kujera tana gyara faratanta. "Wannan marar lafiyar taki, 'yar nan, a kira mata dangi kawai."

"Za ta tashi, Gwaggo."

"Haka kika ce shekaranjiya. Ba kin kai ta wurin mai gyara ba?"

"Na kai."

"Sau nawa?"

Sau biyu na kai ta. Shagon mai gyaran yana can layi ɗaya da kemis ɗin, sai da na zagaya ta baya don kada a gan ni a ce na zo zance. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, duka zuwan biyu, da ya ɗora ta a teburinsa ya kunna, sai fanka ta ɗauki ƙara, zuciyar ta kama bugawa lafiya lau. Ya kalle ni ya ce, "Malama, wannan ai ta fi ni lafiya." In na dawo gida ko na je aji, ta koma gidan jiya.

"A wurin mutane ta yi, a wurinki ta ƙi," in ji Gwaggo. "Ni dai ban yi boko ba, amma in abu ya ƙi ka a ɗakinka, magana yake gaya maka. Ga yaro ɗan mutunci yana jira, ga gida ya gama, har labule ya sa. Ke kina nan kina lallashin ƙarfe."

"Yaya, ki bar ta," Umma ta faɗa daga ƙofar kicin, a hankali, kamar yadda take faɗin komai.

"Na bar ta mana. Gobe ma kwamiti za su bar ta."

Masu karatu, na danne kukan. Yara sun koya mini haka: in ka yi kuka a gaban aji, darasi ya ƙare. Wayata ta yi ƙara. Mai Kemis ne.

"Malama, ya jikin marar lafiya?"

Na rubuta, "Da sauƙi." Na goge. Na rubuta, "Tana nan yadda take."

"Kada ki takura kanki. Duk yadda ta kasance gobe, ni ina nan."

Har da hoton fure. Na kife wayar a kan darduma.

Na shiga ɗakina na rufe ƙofa, na zauna a bakin gado da kwamfutar a cinya. Na tuna fuskokin 'yan ajina ranar da na fara nuna musu zuciyar, lokacin tana lafiya, yadda ajin ya yi tsit, kowacce ta ɗora hannu a ƙirjinta tana neman tata. Na ce a raina, shi ke nan, ranar Litinin wata ce za ta tsaya a gabansu. Sai hawayen suka zo, ban hana su ba.

Da na gama, na wanke fuska, na yi wa kaina tambayar da nake yi wa yara a ɗakin gwaji in sakamako ya bambanta: me ya canza? Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a duba.

A shago ta yi, a gida ta ƙi. Kwamfutar ɗaya ce. Manhajar ɗaya ce. Zafi? Shagon mai gyara ya fi ɗakina zafi. Teburi? Na gwada ta a teburi, na gwada ta a ƙasa. Wuta? Na bi igiyar da ido daga gefen kwamfutar zuwa bango.

Fara ce, siririya, kanta bai fi akwatin ashana biyu ba.

Duk zuwan da na yi shago, kwamfutar kawai nake zurawa a jaka, mai gyara ya jona ta da tasa cajar da ke manne a teburinsa. Wannan farar kuwa kyauta ce. Mai Kemis ya kawo mini ita makon jiya, a cikin kwali mai ƙyalli, ya ce tausayina yake ji in ya gan ni ina jan tsohuwar, wadda yake kira tubali. Gaskiya ce, tsohuwar kamar tubali take, baƙa, ta cinye mini jaka biyu. Na yi murna da farar. Tana shiga daidai, fitila na kamawa, batir na cika. Ban taɓa zarginta ba.

Na juya bayanta na karanta ƙananan rubutun. Lambar ƙarfinta ba ta kai rabin wadda ke rubuce a ƙasan kwamfutar ba. Wato tana iya ciyar da ƙaramin kati, amma in aka zo tashin babban, kwamfutar sai ta ga abincin ba zai isa ba, ta bar shi yana barci. Batirin kuma ya tsufa, shi kaɗai bai taɓa iya tashinsa ba.

Na fita da gudu, mayafi na ja a ƙasa. "Umma! Ina tsohuwar cajata? Baƙar nan mai nauyi?"

Na buɗe durowar falo, na duba bayan talabijin, na zazzage kwandon igiyoyi. Gwaggo ta ɗaga ƙafa don in leƙa ƙarƙashin kujera, tana cewa, "Yau kuma tubalin ake nema? An ba ki ta 'yan gayu kin raina?"

Umma ta fito tana goge hannu. "Ai shi ya tafi da ita."

"Wa?"

"Dakta. Ranar da ya kawo sabuwar. Kin shiga ciki ɗauko masa ruwa, ya ce in ba shi tsohuwar kada ta cika miki ɗaki. Na naɗe ta na ba shi, ya sa a bayan mota." Ta kalli fuskata. "Na yi laifi ne?"

"A'a, Umma. Ba ki yi ba."

Na ɗauki hoton farar na tura wa mai gyara, na tambaye shi ko zai ara mini tasa zuwa gobe da rana. Bai daɗe ba ya turo saƙon murya, ana jin ƙarar babbar mota a bayansa. Na sa a kunne na saurara a tsaye a tsakiyar falo.

"Kai, Malama, da kin zo da wannan tun farko ai da mun huta! Ita ce ciwon. Wallahi na rufe shago, ina hanya zan je sarin kaya, sai Asabar, makulli na aljihuna. Irin taki kuma ba a samunta a layinmu sai an yi oda. Ikon Allah, irin wannan farar na sayar wa maƙwabcina mai kemis kwanan baya. Ya nuna mini hoton wata babba ya ce in ba shi mai baki irin nata. Na ce masa, Alhaji, wannan za ta cika batir, amma ba za ta ɗauki aiki mai nauyi ba, hoto zai riƙa sarƙewa. Ya ce ba komai, ita yake so."

Na sake sauraro. Na sake.

"Me ya ce?" in ji Umma.

"Ya ce ya yi tafiya."

Ban iya faɗin sauran ba. In na faɗa, Gwaggo za ta ce na ƙaga don in ɓata shi. Umma za ta ɗora wa kanta laifi. Abba in ya ji, ban san me zai yi ba, kuma ni kaina ban san me nake so ya yi ba. Mutumin da ke tambayata jikin marar lafiya kowace rana, shi ne maganin ke bayan motarsa.

Na kira shi, ba ya ɗagawa. Na kira malamai biyu, babu mai irin kwamfutata. Na kira Yayana, wayarsa a kashe. Kafin a kira magariba na rubuta wa Mai Kemis, kuma wannan karon ban goge ba.

"Ina buƙatar baƙar cajata kafin darasina na gobe."

Ya karanta. Na ga alamar yana rubutu. Ta ɓace. Ta dawo.

"Farar ba ta yi miki ba?"

"Ka fi ni sanin amsar. Mun yi magana da mai gyara."

Ya karanta. Bai sake cewa komai ba.

Da safe na sa riga mai ruwan ganye, wadda na ajiye musamman don ranar, na yafa farin mayafi, na sa takalmi marar tsini. Na zana zuciya a babban kwali da jan alƙalami da shuɗi, ko da za a ce ban zo da komai ba. Umma ta miƙo mini shayi, na kurɓa don ta ji daɗi. Abba ya tsaya a ƙofa da hularsa a hannu ya ce, "Allah ya ba da sa'a, uwata. Maganarmu tana nan." Na ce, "Tana nan, Abba." Wayata babu saƙo.

A makaranta an riga an jera kujeru uku a bayan ajina. An rataye farin ƙyalle, an kunna majigi. Na jona farar caja, na gwada, ko Allah zai sa. Zuciyar ta fito a bango, ƙatuwa, ta buga sau ɗaya ta tsaya.

Shugaba ta leƙo. "Malama, sun iso, suna ofishina. Komai lafiya?"

Na buɗe baki in gaya mata gaskiya, sai wayata ta yi ƙara a aljihu.

"Ina bakin get."

Ban san lokacin da na ratsa filin makaranta ba. Mai Kemis yana tsaye a jikin motarsa, kuma karon farko da na taɓa ganin rigarsa a yamutse. Tubalin na hannunsa, an naɗe igiyar yadda Umma ke naɗe igiyar dutsen guga.

"Malama."

Na miƙa hannu. Bai sake ta nan da nan ba.

"Ranar da na saya, ban yi niyyar komai ba," ya ce. "Da mai gyara ya gaya mini, sai na ce a raina, to, in ta ƙi aiki, ba ni na kashe ta ba. Kullum in buɗe bayan mota in gan ta, in rufe."

"Kana tambayata jikin marar lafiya."

Ya sunkuyar da kai. "Tsoro nake ji. In kin samu aikin nan, ni ne zan zama abin da ake yi in an tashi daga makaranta."

"Ana jirana. Sake ta."

Ya sake.

Da na koma, mutum uku na zaune a baya da alƙalumansu, yarana sun yi shiru sun zuba mini ido. Na durƙusa a gaban kowa da sabuwar rigata, na zare farar daga bango, na jona baƙar. Na rufe manhajar na sake buɗewa. Na ce, "Yara, kowa ta ɗora hannu a ƙirjinta." Babu abin da ya faru. Na kalli kwalin da na zana, na fara miƙa hannu wajensa.

Sai fanka ta ɗauki ƙara.

Masu karatu, ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba. Zuciyar ta buga, ta sake bugawa, ta ci gaba. Jini ja ya fita, shuɗi ya shiga. Na juya ta, na tsaga ta, yara suka ja numfashi gaba ɗaya. Daga nan ban ƙara tuna akwai kwamiti ba. Na yi darasina kamar kullum, a hankali, ina tambaya suna amsawa. Da na waiwaya, dattijuwar da ke tsakiyar kujerun nan uku ta ajiye alƙalami, hannunta na kan ƙirjinta.

Ba su sa ni jira ba. Kafin a tashi tara, Shugaba ta kira ni ofis ta ce, "Ki nemi teburin da kike so a ɗakin malamai. Naki ne."

Na fito baranda na jingina da bango. Saƙo biyu ne a wayata. Na farko daga Gwaggo, ta sa an rubuta mata: "Mahaifiyar Dakta ta kira, za su zo da yamma kan maganar aure. An ce shi da kansa ya kai miki tubalin har makaranta. Kin ga irin mijin da kike ja wa rai?"

Na biyu daga shi: "Ban tafi ba."

Na leƙa ta saman katanga. Motar na nan, shi ma yana nan, a cikin rana. Aikin ya zama nawa, kuma Abba ya ce duk mai so na sai ya so ni da allina. Amma Abba bai san abin da na sani ba, kuma ni kaɗai zan zaɓa ko ya sani kafin yamma.

Na koma aji, na naɗe farar cajar a tsanake, na riƙe ta a hannu na nufi get. Da ya hango ni ya gyara tsayuwa.

"Malama, an dace?"

"An dace." Na ɗora masa farar a tafin hannu. "Riƙe kayanka. Kuma ka kira mahaifiyarka ka ce ta dakata tukuna. Da yamma kai kaɗai za ka zo, ka zauna gaban Abba, ka gaya masa da bakinka abin da mai gyara ya ce maka."

Ya kalli cajar, ya kalle ni. "In na gaya masa, zai iya cewa kada in sake taka gidan."

"Zai iya."

"In ban zo ba fa?"

Aka buga ƙararrawa. Na ce, "Ina da aji," na juya.